Ranar da Mehluli Bai Ce a Sauke Kaya Ba

A unguwar Njube ta birnin Bulawayo, in motarka ta fara jan gindi a ƙasa, gidan Mehluli Nkiwane za a nuna maka. Ba ya taɓa inji, ba ruwansa da birki ko wayar wuta. Shekara talatin da ɗoriya aikinsa ɗaya ne, sifirin baya, fallayen ƙarfen nan da ake jerawa bisa juna su ɗauki nauyin mota. Rumfarsa na jingine da katangar gidansa. A ciki akwai guntun ƙarfen layin dogo da yake duka a kai, da daɓen siminti da ya zuba da hannunsa, da tulin tsofaffin sifirin da matarsa MaTshuma ta yi shekaru tana cewa wata rana sai ta kira 'yan gwangwan sun kwashe.

Tsarin aikinsa ba ya canzawa, har direbobi sun haddace. Ka kawo mota, kafin ka gama gaisuwa zai ce, "A sauke kaya." Komai da komai, har tayar safaya da jarkar ruwa. Sai a tura motar kan daɓen nan, wanda ya ce ko ƙwai ka ajiye ba zai gangara ba. Ya duba iskar tayoyi. Ya ƙwala wa MaTshuma kira ta riƙe masa bakin igiya, ya auna daga ƙasa zuwa leɓen bodi, dama da hagu. Sai bayan an yi duk wannan yake shiga ƙarƙashi da 'yar gudumarsa, yana ƙwanƙwasa falle ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da dogon amo. Wanda ya tsage kuwa sai ya ce ƙwas, ya yi shiru.

Wani direban yakan zo da saurinsa ya ce, "Baba Nkiwane, shokazoba ce, canza min kawai in wuce."

"Ita ta gaya maka?" in ji Mehluli. "Shokazoba aikinta hana tsalle, ba ɗaukar kaya ba. Ka loda buhu ashirin, ka ɗora surukarka a sama, sannan ka zo kana yi wa shokazoba sharri."

Ba mai musu da shi. In ya ce ƙarfe ya mutu, ya mutu. In ya ce lafiya, mutum zai iya ɗaukar iyalinsa ya kama doguwar hanyar Hwange hankalinsa kwance. Mutumin ba shi da fara'a sosai, ba shi da wata dukiya, amma maganarsa a kan ƙarfe ba a taɓa kama ta da ƙarya ba, kuma ya san da haka, yana kuma jin daɗin hakan fiye da yadda yake nunawa.

A ƙauye aka haife shi, can cikin Tsholotsho. Yana da shekara shida mahaifiyarsu ta rasu, yayarsa Senzeni, mai shekara goma sha uku a lokacin, ta zama uwarsa. Ita ke cire masa ƙaya a ƙafa, ita ke rage nata tuwon ta tura masa ta ce ta ƙoshi. Da ta kai ashirin da biyu ta auri Fanyana Mloyi, mutumin Nkayi, da sonta da zaɓinta. Shanun aurenta da dangin Mloyi suka koro, da su mahaifinsu ya turo Mehluli birni koyon sana'a, da su aka saya masa guduma da sifanoninsa na farko, sauran kuma aka fara kai wa gidan su MaTshuma.

Shekara shida da auren, wata ranar Laraba, Mehluli ya dawo ɗakin da yake haya ya tarar da Senzeni zaune a bakin ƙofa, goye da jariri, gefen fuskarta a kumbure. Yara biyu ta binne a damina ɗaya, ƙyanda ta kwashe su, kuma tun daga lokacin Fanyana ya koma giya da duka. Ta ce ba za ta koma ba. Bayan mako biyu saƙon Mloyi ya iso: ko matarsu ko shanunsu. Shanu kuwa sun riga sun zama guduma, sun zama sifana, sun zama baikon MaTshuma.

Mehluli da kansa ya saka ta a bas ya mayar da ita. Tun daga tasha yake yi mata wa'azin haƙuri, shi ɗan shekara ashirin da ɗaya, yana maimaita maganganun da ya ji a bakin tsofaffi. Da bas ta tsaya a garin Inyathi, Senzeni ta kwance bakin zaninta, ta sayi dafaffiyar masara ta taga, ta miƙa masa, don ta lura bai karya ba.

Shekara ashirin ta ƙara yi a gidan nan. Da Fanyana ya mutu ta taho Njube da akwati ɗaya da kunnen hagu da ya daina ji. Mehluli ya gina mata ɗaki a bayan nasa. Ya saya mata bargo mai kauri da rediyo. In an yanka kaza, cinya tata ce. Mutanen coci suna misali da shi, suna cewa a wannan zamanin wa ke riƙe 'yar'uwa haka. Abin da ba su sani ba, duk cinyar da ya tura mata jira yake ta ture kwanon, ta dube shi ta ce, "Kai ka mayar da ni." So yake ta zage shi ko sau ɗaya, ya samu ƙofar da zai durƙusa ya nemi gafara. Ita kuwa sai ta ce, "Na gode, ɗan ƙanena," ta cinye. Shekara goma sha tara suka yi a haka. Ba ta buɗe maganar ba, shi kuma bai da ƙarfin halin buɗewa.

Wata ɗaya kafin ta rasu, tana zaune a inuwar rumfa tana tsince wake, MaTshuma na gefenta, shi yana dukan wani falle. Ta jira ya ɗaga guduma sannan ta ce, "In na tafi, Nkayi za ku kai ni. Yarana biyu suna can ƙarƙashin bishiyar danya, ba kowa a kusa da su."

Mehluli ya sauke gudumar da ƙarfi, ya sake ɗagawa, kamar bai ji ba. Daga shi sai MaTshuma suka ji wannan magana.

Jaririn da ta goyo a wancan zuwan, Bekezela, ya zama mutum ɗan shekara arba'in. Jigilar kaya yake yi daga Johannesburg zuwa ƙauyuka, yana kai wa iyaye abin da 'ya'yansu suka aiko. Da wata tsohuwar Fijo a-kori-kura mai rumfa yake aikin. Iyayen mutane yana ganinsu duk wata, tasa uwar kuwa sai a shekara bai leƙo ba. Da ciwo ya kwantar da ita an aika masa sau uku. Ya iso kwana biyu bayan ta cika.

Ba a yi wata jayayya kan wurin binnewa ba. Matar Mloyi ce, an ba da shanunta cif, a gidan Mloyi za ta kwanta. Ƙanen marigayi Fanyana, wanda kowa ke kira Baba Mloyi, tsoho mai ɗingishi da hular malafa, ya zo da tsofaffin mata biyu don rakiya. Bekezela ya ce ba wata motar haya da za ta ɗauki uwarsa, shi zai kai ta. Da safe aka saka akwatin gawa a bayan Fijo. Aka cusa buhunan garin masara uku da kabeji da galan ɗin mai a gefen hagu, Baba Mloyi da tsofaffin nan biyu suka zauna suna dafe da akwatin. Sauran jama'a, har da Mehluli da MaTshuma, suka bi baya a bas ɗin matan coci.

Mamaci ba a wucewa da shi kan kogi a ɓoye. Sai an rage gudu an gaya masa inda ake, don kada ya ɓata ya tsaya a nan. Da suka iso gadar Umguza, kogin farko bayan an fita gari, Bekezela ya rage gudu, Baba Mloyi ya ƙwanƙwasa akwatin ya ce, "Senzeni, matar yayana, ga mu a Umguza. Za mu haye, ki biyo mu."

Tayar baya ta faɗa ramin bakin gada. Aka ji ƙarar wani abu, motar ta zauna ta hagu kamar an danne ta da hannu, taya ta kama gugar bodi har warin roba ya tashi. Bekezela ya taka birki.

Kafin bas ta gama tsayawa ɗaya daga cikin tsofaffin ta ɗora hannu a ka. "Ta ƙi," in ji ta. "Wayyo, ta ƙi zuwa."

Kowa a wurin ya taɓa jin irin wannan, wasu sun gani da idonsu. Mamacin da ba ya son inda za a kai shi yakan yi nauyi, mota ta kasa ɗaukarsa. Baba Mloyi ya cire malafa, ya durƙusa a kan kwalta da wannan gwiwar tasa, ya barbaɗa garin taba a ƙasa, ya yi ta lallashi. Ya kira ta da sunan gidan ubanta. Ya ce Fanyana ya riga ya tafi, ba mai taɓa ta. Aka sake tayar da mota, ta yi taku goma, taya ta ci gaba da kuka. Sai idanu suka juyo kan Mehluli.

"Suruki," in ji Baba Mloyi, "kai ne mai ƙarfe. Shiga ka duba mana. In ƙarfe ne, a gyara mu wuce. In kuwa ita ce, to a juya, a nema mata wuri a nan maƙabartar Luveve kusa da ku. Mu Mloyi mun ja matar nan da ƙarfi tana da rai, ya isa haka."

Mehluli ya cire kwat ɗinsa ya miƙa wa MaTshuma, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi.

Ko ƙwanƙwasawa bai buƙaci yi ba. Babban falle na sama, wanda ke riƙe da sauran, ya rabe biyu dab da ƙusar tsakiya. Ya goge taɓon wurin da babban yatsa ya duba bakin karayar. Kashi biyu cikin uku ya yi baƙin tsatsa, ragowar yana ƙyalli. Tsagewar ta yi wata shida ko fiye tana cin ƙarfen a hankali a hanyoyin Johannesburg, yau ramin gada ya ƙarasa ta. Aikin yini guda ne, kuma yana da irin fallen a tulinsa.

Amma bai fito ba. Yana kwance yana kallon ƙasan motar, ya san tsakaninsa da yayarsa bai fi kamu uku ba, faranti ɗaya na ƙarfe da katako. Maƙabartar Luveve tafiyar ƙafa ce daga gidansa. Zai iya zuwa duk Lahadi ya cire ciyawa. Ya ce wa kansa ai ta sha wuya a Nkayi, ai ba wanda zai kula da kabarinta a can, ai maganar da ta yi a kan wake maganar ciwo ce. Duk ya jera su tsaf, kuma duk ya san ba su ne ba. Abin da ba zai iya ba shi ne ya sake bin hanyar nan da ita. In aka ce ta ƙi, to ta faɗi abin da ya shekara arba'in yana jira ta faɗa, kuma wannan karon shi ne zai tsaya mata, a gaban Mloyi, a gaban kowa. Zai zama ƙanen da bai mayar da ita ba.

Ya lakato taɓo daga jikin aksil, ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ya shafe bakin karayar. Ya fito yana kakkaɓe wando.

"Ƙarfe lafiya lau," in ji shi.

Matan coci suka ɓarke da kuka. Baba Mloyi ya mayar da malafarsa ya ce, "To, mun ji." Aka sauko da tsofaffi, aka mayar da buhuna cikin bas, tayar ta ɗan samu sarari, aka juya a hankali kamar ana tafiya da ƙwai. Kafin rana ta take tsakiya akwatin ya koma falon Mehluli, maza sun zauna a ƙofar gida suna shawarar wanda zai je neman wurin kabari.

Mehluli yana wanke hannu a famfon bayan gida MaTshuma ta zo ta tsaya a kansa. Igiyar awo na hannunta, ta naɗe ta a yatsu.

"Baban Zodwa," ta kira shi da sunan 'yarsu ta fari, muryarta ƙasa ƙasa, "yau ba ka ce a sauke kaya ba."

"A kan gada? Gawa zan ce a ajiye a kan kwalta?"

"To ai yanzu an sauke. Ga motar can ba komai a cikinta. Zo mu auna."

"MaTshuma, gidan makoki ne nan."

"Ni za ka gaya wa? Ni na yi mata wanka." Ta nuna motar da haɓa. "Shekara talatin ina riƙe maka igiyar nan, ko ban auna ba na san yatsa uku ta rage ta hagu. Sai dai in Senzeni ta bar nauyinta a ciki ta shigo falo."

Ya ci gaba da cuɗa hannun da ya riga ya fita.

"Ba zan tona ka ba," in ji ta. "Ban taɓa kunyata ka a gaban mutane ba, ba yau zan fara ba. Amma ina wurin ranar da take tsince wake, kunnena kuma biyu ne, duka suna ji. Je ka bayan rumfarka ka ga ɗanta, in ka dawo sai ka gaya min wa ka yi wa wannan aikin."

Bekezela na zaune a kan tulin sifirin, ƙato guda, ya haɗa kai da gwiwa. Makullin motar na ƙasa a gabansa. Da ya ji taku ya ɗago, fuskar nan jage jage da hawaye.

"Kawu," in ji shi, "ba Nkayi ta ƙi ba."

"Me kake faɗa?"

"Motata ta ƙi. Ni ta ƙi. Tun ina yaro take cewa kusa da yayyena za ta kwanta. Da motar wani ce da yanzu mun wuce kogin Mbembesi." Ya share hanci da bayan hannu. "Sau uku kuka aiko. Na farko na ce bari in kai kayan mutane. Na biyu na ce ƙarshen wata. Na uku ina Bulawayo, Kawu, ina nan garin, na kwana a unguwar Makokoba na wuce da safe, don ba na son in gan ta a kwance. Ban gaya wa kowa ba. Ita ta sani. Ta bari sai da na ɗauke ta, a gaban mutane, sannan ta nuna min."

"Ba haka uwarka take ba."

"To mene ne? Kai da bakinka ka ce ƙarfe lafiya. In wani ne ya faɗa sai in ce bai iya ba. Kai ne fa, Kawu."

Mehluli ya tsaya yana kallonsa. Ya ƙera maganar nan ne don ta faɗa kan Mloyi da kan mataccen Fanyana, ta wanke shi. Bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wani mai irin nasa ciwon da ke tsaye a bakin gada, yana jiran hukunci daga akwatin nan ba. Ya kuma san yadda abin yake zama a jikin mutum. Yaron zai kai shekara sittin yana tuƙi da wannan a ƙirjinsa, ba kuma wanda zai je ya tambaya.

"Tashi," in ji shi. "Ɗauki makullinka ka hau da ita kan daɓe. Ka kawo jak."

Da maza suka ga ana tura mota rumfa suka taso. Mehluli ya tsaya a gabansu. Magana biyu ce a bakinsa, dole ya zaɓi ɗaya: ko ya ce ya yi ƙarya, ko ya ce bai gani ba.

"Ban duba da kyau ba," in ji shi. "Ƙarƙashin da duhu, idona kuma ya tsufa. A dakata da maganar Luveve."

MaTshuma ta riƙe igiya, ya auna, yatsa uku ne cif. Aka ɗaga motar aka tokare ta da kututture. Ya kwance notocin da ke ɗaure sifirin da aksil, ya fitar da ƙusoshin gaba da baya, ya jawo na hagu waje. Yana ajiye shi a daɓe babban fallen ya rabe, rabi ya faɗi gefe. Direbobi uku da suka zo gaisuwa suka sunkuya suna kallon tsatsar. Ɗaya ya dubi ɗan'uwansa, ya taɓe baki, ya ce a hankali, "Wannan ai da tafin hannu ma a ji shi." Mehluli ya ji, bai juya ba.

Baba Mloyi ya tako da ɗingishinsa, ya zungure karyayyen ƙarfen da sanda.

"Suruki, amma ka cuce ni," in ji shi. "Ka bar ni na durƙusa a kan kwalta, da wannan gwiwar, ina lallashin tsohon ƙarfe. Har da tabata na ba shi."

Dariya ta kuɓuce wa mutane, har da wata mai hawaye a fuska. Tsohuwar da ta fara cewa ta ƙi ta ce ita dai ba ta yarda ba, wa ya karya ƙarfen a daidai kogi?

Mehluli ya ciro na dama ma, don bai taɓa gyara gefe ɗaya ya bar ɗaya ba. Ya warware shi, ya kwantar da babban fallensa a daɓe, ya ga shi ma ya gaji, ya miƙe fiye da kima. Ya ɗauki alli ya zana lanƙwasar da ta kamata a ƙasa, daga kansa, ba tare da ya duba komai ba. Ya tono wani babban falle daga tulinsa, na wata Fijo da ta mutu tun shekara takwas, ya kankare tsatsarsa ya ƙwanƙwasa, ya ji ya amsa. Sannan ya ɗora shi a kan guntun layin dogo ya fara duka.

Ba a saka wa sifirin wuta, wuta tana kashe shi. Da sanyinsa ake dukansa, kaɗan kaɗan, daga tsakiya zuwa baki, a ɗaga a gwada da zanen alli, a mayar a ƙara. Falle goma sha huɗu ne a gefe biyun, kowanne sai ya bi layin. A cikin falo matan coci suna waƙa a kan gawar yayarsa, a waje yana dukan ƙarfen da zai tafi da ita. Sau ɗaya wata ta leƙo don ta ce a rage ƙara, MaTshuma ta mayar da ita da ido. Bekezela ya cire riga ya riƙe masa bakin kowane falle. Duk dukan da aka yi sai ya ratsa hannunsa har kafaɗa, bai saki ba.

La'asar ta yi kafin su jera fallayen, su shafa baƙin mai a tsakani, su zura sabuwar ƙusar tsakiya. Aka mayar, aka sauke motar kan tayoyinta, sannan ya ɗaure notocin ƙarshe, don in ka ɗaure tana sama za ta zauna a karkace. Ya hau bayan ya yi tsalle sau biyu ya sauko. Aka auna, dama da hagu suka zo ɗaya.

"Gobe buhuna a bas," ya ce wa Bekezela. "Kuma ka daina jibge kaya a gefe ɗaya kamar mai gudun gobara."

Bekezela ya kama hannunsa da hannu biyu, ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane. "Kawu, ka sauke min dutse. Wani da ya gane ya yi kuskure shiru zai yi, a binne ta a nan, ba mai sani. Ka zubar da sunanka saboda ni."

A nan ne ya kamata ya faɗa. Bakinsa ma ya buɗe. Ya ce wa kansa in ya faɗa zai ƙara wa yaron ciwo a ranar makoki, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: ya gwammace a ce idonsa ya mutu da a ce ya shafa taɓo, ya kuma ji daɗin hannun nan biyu da suka riƙe nasa. Sai kawai ya ce, "Tashi, kana ɓata wandonka."

Washegari a bayan Fijo ya zauna, gefen akwatin, gwiwarsa na gugar katako. Motar ta haye Umguza ba ko gargada. A Inyathi masu masara suka yo kan taga, ya kawar da kai. Rana ta karkata kafin su isa gidan Mloyi.

Bishiyar danya ba ta nan. An sare ta tun shekarar fari, wurin ya zama gonar dawa. Aka ɗauko wata tsohuwa da ta halarci binne yaran, ta yi ta zagaye da sanda tana duban tsauni tana duban rijiya. Can ta caka sandar ta ce nan ne. Sai kuma ta ce ko kuwa can gaba kaɗan. Aka haƙa a inda ta fara cakawa.

Da aka ce ɗan'uwanta ya yi magana, Mehluli ya matso bakin ramin da ƙasa a hannunsa. Jama'a suka zuba masa ido suna jira, don an san irin riƙon da ya yi mata.

"Yaya," in ji shi, "ga shi na kawo ki."

Ya zuba ƙasar ya koma baya.

Ya ƙara shekara tara a duniya. Nkayi da nisa, hanyar kuma ba ta da kyau, duk rani yana cewa zai je, sau ɗaya ya samu zuwa. A Njube labari ya bazu cewa idon Baba Nkiwane ya tafi, direbobin unguwa suka fara kai motocinsu wani wuri, in sun haɗu da shi su gaishe shi da ladabin da ya fi na da. Masu zuwa rumfar suka koma baƙi, 'yan jigilar Johannesburg da Bekezela ke turowa. Kowanne da saƙo iri ɗaya yake zuwa: an ce masa a nan akwai dattijon da in ya yi kuskure yake faɗa a gaban jama'a. Mehluli yakan yi wa mutum aikinsa da kyau, ya ɗaure masa kowane noti da hannunsa, amma har ya tayar da mota ya tafi ba ya ɗaga kai ya dube shi.